Mai rubutu da mai fili: abin da aikin lauya ya koya mini game da sharrin intanet

A 'yan shekarun nan babu ƙorafin da ya fi yawan shigowa ofishinmu kamar na ɓata suna a intanet. Ofishin ƙarami ne, a Wuse, kuma galibin masu hawo mana bene Hausawa ne, 'yan kasuwa da ƙananan ma'aikata daga Kubwa, Nyanya, Mararaba da Suleja. Labarin kusan ɗaya ne kullum: an ɗauki hoton mutum da safe an liƙa masa sharri, kafin la'asar dangi na Kano da Maiduguri sun fara bugo waya. Mutum zai zauna ya yi tambaya biyu. Ta farko, ko za a iya kama wanda ya rubuta. Wannan tana da amsa, ko da ba mai daɗi ba ce. Ta biyu kuwa, shi kamfanin da ya ba da filin, ya bar abin yana yawo har bayan an kai masa kuka, babu abin da doka za ta yi masa? Wannan ta biyun ce na daɗe ina bi.

Dokar ɓata suna da aka koya mana a Jami'ar Jos, aka sake nanata mana a makarantar lauyoyi ta Bwari, don jarida aka ƙera ta. Wanda ya rubuta yana da alhaki, editan da ya amince a buga yana da alhaki, mai kamfanin ma haka. Amma mai tallar jarida a bakin titi da mai shagon littattafai, kotunan Ingila sun sassauta musu tun a ƙarni na 19: in bai san akwai ɓatanci a ciki ba, kuma ba sakaci ne ya hana shi sani ba, to ba ruwansa. Dokar Penal Code da ake aiki da ita a nan Abuja ma haka ta tafi. Sashe na 391 ya fayyace ɓata suna, na 392 ya faɗi hukunci, sassan da ke biye kuma suka kama mai bugawa da mai sayarwa, amma da sharaɗin ya san abin da ke ciki. Ke nan tun kafin a haifi intanet, sani ne ma'aunin da ake auna ɗan tsakiya da shi.

Akwai wata tsohuwar shari'a ta 1937 da aka ratsa mana ita a gurguje a aji, ni kuma yanzu ba na daɗewa ban koma mata ba. A wani kulob na wasan golf a Ingila, 'yan sanda suka zo suka kwashe injinan caca. Ba a jima ba wani ya manna 'yar waƙar habaici a bango, yana nuni da cewa wani ɗan kulob mai suna Byrne ne ya kai tsegumin. Masu kulob ɗin sun ga takardar, ciro ta ba zai ci musu komai ba, amma suka bar ta. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce wanda ya ga abu a bangonsa, yana da ikon cirewa cikin sauƙi, ya ƙyale, to da hannunsa a yaɗa shi. Byrne bai ci shari'ar ba, don alƙalai sun ce a ce mutum ya kai rahoton laifi ga hukuma ba zubar masa da mutunci ba ne. Amma ƙa'idar ta zauna daram.

Amurka ce ta fara kauce wa wannan ƙa'ida, kuma ba haka kawai ta yi ba. A 1991 wata kotu a New York ta wanke kamfanin intanet na CompuServe, ta ce tunda ba ya duba abin da mutane ke ɗorawa, matsayinsa ɗaya da mai shagon littattafai. A 1995 kuma wata kotun ta kama wani kamfanin intanet, Prodigy, a ƙarar da kamfanin Stratton Oakmont ya kai shi, hujjarta ita ce Prodigy yana tace maganganu yana goge na batsa, don haka ya zama edita, duk abin da ya kuɓuce masa a wuyansa yake. In ka haɗa hukuncin biyu, saƙon a fili yake: mai son tsira kada ya duba komai. 'Yan majalisa biyu, Chris Cox da Ron Wyden, suka ga wannan zai haifi ɓarna, suka kawo abin da ya zama sashe na 230 na dokar sadarwa ta 1996. Sashen ya ce ba za a ɗauki mai dandali a matsayin wanda ya wallafa maganar da wani ya kawo ba, kuma ba za a kama shi da laifi ba don ya goge abin da yake ganin bai dace ba, muddin da kyakkyawar niyya ya yi.

Shekara ɗaya bayan haka aka ga iyakar inda kariyar ta kai. A watan Afrilun 1995, kwanaki kaɗan bayan harin bam na Oklahoma da ya kashe mutum 168, wani da ba a san ko wane ne ba ya ɗora talla a dandalin kamfanin intanet na AOL, wai ana sayar da riguna masu yi wa mamatan ba'a, ya sa lambar wayar gidan wani mutum mai suna Kenneth Zeran da ke Seattle. Bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba. Waya ta riƙa shigowa ba ƙaƙƙautawa, zagi da barazanar kisa, wani gidan rediyo ma ya karanta lambar ga masu sauraro. Ya yi ta kai kuka, ana cire ɗaya wata na fitowa. A 1997 kotun ɗaukaka ƙara ta ce ko da an sanar da kamfani ya yi jinkiri, sashe na 230 ya kare shi. Dalilinta: in sanarwa kaɗai za ta jawo alhaki, kamfanoni za su riƙa goge duk abin da wani ya yi ƙorafi a kai, gaskiya ne ko ƙarya. Wannan hujja ba ta banza ba ce, zan dawo kanta. Amma ban taɓa karanta shari'ar nan ba tare da na ji nauyi a ƙirji ba, don mutumin ya yi duk abin da mai hankali zai yi, doka kuma ta ce masa ya je ya nemi wanda babu mai iya gano shi.

Mai karatu zai ce ina ruwan ɗan Wuse da dokar Amurka. Yana da ruwa da tsaki a ciki, domin manyan kamfanonin can suke zaune.

Wata mata ta zo mana daga Kubwa tare da yayanta. Bazawara ce, tana da shagon atamfa da leshi, rabin cinikinta ta waya take yi. Ta ajiye baƙar leda a kan tebur, cike da takardun da ta biya aka buga mata a shagon kwamfuta, hoton duk wata magana da aka yi a kanta, ta ja layi da jan biro a ƙarƙashin sunayen waɗanda ta sani. Wani shafin tsegumi marar suna ne ya ɗora hotonta a ƙofar shagon da layi biyu kacal: a tambayi Hajiya wa ya kama mata shago, a kuma tambaye ta da wane irin kuɗi take biyan haya. Babu ashar, babu zagi. Amma duk Bahaushen da ya karanta ya san me aka ce, masu tofa albarkacin baki a ƙasa kuma suka ƙarasa abin da mai shafin ya bari. A lokacin an riga an sa ranar aurenta.

"Barista," in ji ta, "na kai ƙorafi, ƙawayena sun kai, 'yan gidanmu kaf sun kai. Amsa ɗaya ake turo mana, wai an duba, bai saɓa wa ƙa'idarsu ba. Wa ya duba? Yana jin Hausa?"

Maigidana a wurin aiki, dattijo ne da ya tsufa a kotu, ya jawo kujera ya ce, "'Yata, gaskiya zan gaya miki, ba zan ci kuɗinku a banza ba." Ya warware musu zare da abawa. Ana iya shigar da ƙara a Babbar Kotun Birnin Tarayya da ke Maitama, amma sai an nemi izinin kotu kafin a kai sammaci ƙasar waje. Takardun da ke cikin ledar ba za su shiga a matsayin hujja haka nan ba, sai an cika sharuɗɗan sashe na 84 na dokar sheda ta 2011, an haɗa da takardar da ke bayanin na'urar da ta fitar da su. Ko an sha wahala an ci shari'ar, tun 2010 Amurka ta yi dokar da ta hana kotunanta aiwatar da hukuncin ɓata suna na wata ƙasa in ya ci karo da 'yancin magana na tsarin mulkinsu ko da sashe na 230.

Yayan ya yi shiru, can ya ce, "Ranka ya daɗe, ashe mai kuɗin ba ya taɓuwa ke nan, sai dai mu nemi talakan da ya rubuta, in mun gan shi?"

"Alhaji, a yau hanyar da ta fi kusa ke nan."

Ita muka bi. Mai shafin ya taɓa sa lambar waya don masu son ba shi talla, ta nan aka kai gare shi. Da wasiƙar lauya ta isa hannunsa ya goge, ya rubuta ban haƙuri. Amma kafin nan dangin mijin sun ce a ɗaga biki sai ƙura ta lafa, kuma waɗanda suka ga ban haƙurin ba su kai ƙwaya cikin buhun waɗanda suka ga sharrin ba. Ihu bayan hari.

Tambayar matar nan, ko mai dubawar yana jin Hausa, ita ce ta buɗe mini ido a kan giɓin da ke cikin ma'aunin sani. Turai ba ta bi Amurka ba. Dokarta ta 2000 ta ce mai ajiye kayan mutane a intanet ba shi da alhaki muddin bai sani ba, da zarar ya sani kuma dole ya gaggauta cirewa. Ingila ma a 1999, a shari'ar Godfrey da kamfanin Demon Internet, ta ce kariyarka tana ƙarewa ne ranar da aka sanar da kai. A ganina wannan ya fi na Amurka adalci. Sai dai an gina shi ne bisa zaton cewa in an sanar da kai za ka gane abin da ake nuna maka. Hausa kuwa mafi munin cutarwarta ba a ashar take ba, a habaici take, da gugar zana, da tambayar da ba tambaya ba ce. Na'urar da ke farautar kalmomin zagi za ta bi ta kan irin wannan ta wuce, ta ce lafiya lau.

Ni ɗan Jos ne, kuma a Jos ba sai an yi mana lacca a kan abin da jita-jita ke iya yi ba. Mun ga 2001, mun ga 2008, mun ga 2010. A watan Yunin 2018 an kashe mutane da dama a yankin Gashish na ƙaramar hukumar Barikin Ladi, wannan gaskiya ne, rayuka ne na bayin Allah. Amma binciken da sashen BBC Africa Eye ya fitar a watan Nuwamban wannan shekarar ya nuna cewa cikin hotunan da aka yi ta yaɗawa a Facebook da sunan kisan akwai waɗanda ba na can ba ne, ɗaya ma daga Kongo-Brazzaville aka ɗauko shi, tun na 2012. Washegarin ranar da hotunan suka fara yawo aka tare hanya, aka fito da mutum 11 daga motoci aka kashe su, kuma jami'an tsaron Filato sun shaida wa masu binciken cewa hotunan sun taimaka wajen hura wutar. A cikin rahoton akwai wani bayani da bai taɓa barin raina ba: a lokacin, abokan aikin kamfanin masu tantance labarai sun ware mutum 4 ne kacal na cikakken aiki ga masu amfani da dandalin miliyan 24 a Najeriya, kuma babu mai jin Hausa a cikinsu. Alhali tun 2016 aka saka Hausa cikin harsunan manhajar, shekarar da mai kamfanin da kansa ya zo Legas da Abuja.

Kamfanin da ke cikin irin wannan hali zai iya rantsuwa cewa bai sani ba, kuma bai yi ƙarya ba. Amma shi ya zaɓi rashin sanin. Wanda ya buɗe kasuwa a cikin harshe, yana karɓar kuɗin talla a kan idanun masu harshen, bai kamata ya zo gaban alƙali ya ce ba ya jin harshen ba. A doka muna da tsohuwar ƙa'ida cewa wanda ya rufe idonsa da gangan don kada ya gani, ana ɗaukarsa kamar ya gani. Ina ganin lokaci ya yi da za a ja wannan ƙa'ida ta kai kan kunne.

Abu na biyu da aiki ya nuna mini shi ne dandalin yau ba bangon kulob ɗin Byrne ba ne. Bango ba ya zaɓe. A yau kuwa akwai lissafin da ke auna abin da ya fi tsayar da yatsanka, ya ɗauko shi ya kai maka ko ba ka san mai shi ba. Ya fi kama da sanƙiran da ke zaɓar maganar da zai ɗaga wa murya, ana kuma biyansa gwargwadon taron da ya tara. Takardun cikin gida da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fitar a 2021 sun nuna cewa masu binciken Facebook da kansu sun lura sauyin da aka yi wa lissafin a 2018 yana fifita abin da ke tunzura mutane. Mu da muka tashi da karatun Suratun Nur mun san cewa a ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ba wanda ya ƙirƙira kaɗai aka tsawatar wa ba, har da waɗanda suka karɓa da harsunansu suka ƙara gaba. Kotun ƙolin Amurka ta samu damar taɓa wannan batu a watan Mayun 2023, a ƙarar Gonzalez da Google da ta Taamneh da Twitter, amma ta wanke kamfanonin ta wata hanya, ta bar sashe na 230 yadda yake. Inda na fi zuba ido yanzu Kenya ce. A Disambar 2022 ɗan wani farfesa na ƙasar Habasha, Meareg Amare, wanda aka harbe a Bahir Dar a 2021 bayan an yi ta yaɗa sunansa da inda yake zaune, ya shiga cikin masu ƙarar Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, a Nairobi, kuma abin da suke tuhuma shi ne lissafin da ya yi ta tura maganar gaba. A Afrilun 2025 babbar kotun ta ce tana da hurumin sauraron ƙarar. Kotun Afirka ce, a kan ran ɗan Afirka.

Da a nan na tsaya, da an ce ina neman a ɗaure kamfanonin tamau. Zaman Abuja ya koya mini tsoron wannan ɓangaren ma, kuma tsoron ba ƙarami ba ne.

Duk lokacin da hukumominmu suka tashi gyara intanet, ba a kan matar Kubwa suke farawa ba. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya haramta saƙon da ke ɓata rai ko cin fuska, kalmomi masu faɗin da kowa zai iya faɗawa ciki, kuma 'yan jarida da masu suka ne suka fi kwana a ofishin 'yan sanda a kansa, har kotun ECOWAS da ke nan Abuja ta ce a gyara shi, aka taƙaita shi a Fabrairun 2024. A 2019 Sanata Mohammed Sani Musa ya kawo ƙudirin da zai ba hukuma ikon ba da umarnin toshe hanyar intanet, jama'a suka yi caa, ƙudirin bai kai labari ba. A Yunin 2021 Twitter ya goge wani saƙon Shugaba Buhari, cikin kwana biyu gwamnati ta sanar da dakatar da shi, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022. Kwana 222 masu sayar da kaya ta wannan hanya suna asara. A Yulin 2022 kotun ECOWAS ta ce rufewar ta saɓa doka. Sannan a 2022 ɗin hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta fitar da kundin ƙa'idojin aiki ga dandaloli, wanda ya ce in hukumar gwamnati mai izini ta sanar da kamfani akwai haramtaccen abu, ya sauke shi cikin awa 48. Akwai abubuwa masu kyau a kundin, musamman abin da ya shafi yaɗa tsiraicin mutum ba da yardarsa ba. Amma ƙa'idar hukuma ce, ba dokar majalisa ba, kuma ƙofar da ya buɗe wa gwamnati ta fi wadda ya buɗe wa talaka faɗi.

A nan ne hujjar alƙalan Zeran ke dawowa da ƙarfinta. Jamus ta yi doka a 2017 da ta ba manyan dandaloli awa 24 su cire abin da haramcinsa ya fito fili, da tarar da za ta iya kai Yuro miliyan 50. Kamfanin da ke fuskantar irin wannan tara, in yana shakka, gogewa zai yi, don babu mai cin sa tara a kan ya goge gaskiya. A ƙasa irin tamu, wa zai fi kowa amfani da wannan? Shugaban ƙaramar hukumar da aka ɗauki hoton asibitin da ya ce ya gina, da ɗan kwangilar da aka nuna gadarsa ta rufta. Su ne masu lauyoyi a aljihu. Shi ya sa a 2015 kotun ƙolin Indiya, a shari'ar Shreya Singhal, ta ce ƙorafin kowa da kowa ba ya zama sani, sai umarnin kotu ko sanarwar hukuma. Brazil ma a dokarta ta 2014 ta ce sai an ƙi bin umarnin kotu alhaki ke hawa kan kamfani. Amma a Yunin 2025 kotun ƙolinta ta ce wannan bai wadatar ba, akwai munanan abubuwan da ba za a jira alƙali a kansu ba. Duk wanda ya bi waɗannan shari'o'i zai ga babu ƙasar da ta samu natsuwa a gefe ɗaya.

Inda ni na tsaya shi ne a raba abubuwa gida-gida. Kiran a kashe wasu, tsiraicin da aka yaɗa don tozartawa, cin zarafin yara, waɗannan ba sa buƙatar dogon bincike. Sanarwar kowane mutum ta isa, kuma kamfanin da ya yi jinkiri ya biya diyya. Ɓata suna kuwa, inda wannan ke cewa gaskiya ce wancan na cewa ƙarya ce, ba aikin ma'aikacin kamfani ba ne ya yanke, ba kuma aikin jami'in gwamnati ba ne. Aikin alƙali ne, amma alƙalin da za a iya samu cikin kwanaki, a kotun da talaka zai iya zuwa da kuɗin mota. Gwamnati ma in tana son a sauke abu, ta bi ta wannan ƙofar kamar kowa. Abin da kuma aka biya kamfani ya tallata, ko shi da kansa ya ɗauko ya yi ta turawa bayan an yi masa kuka, wannan ya daina zama maganar wani, ya zama aikin hannunsa. Majalisarmu ta riga ta nuna ta iya irin wannan tsari. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris na 2023, ta shimfiɗa yadda mai waƙa ko mai fim zai aika sanarwa, yadda za a sauke, da yadda wanda aka sauke wa kaya zai kare kansa. Mawaƙin da aka sace wa waƙa yana da hanya a rubuce cikin dokar majalisa. Matar da aka zubar wa mutunci ba ta da irinta, kuma wannan yana ci mini rai.

Akwai wasu mutanen da na fi jin tsoro a kansu fiye da manyan kamfanoni, su ne namu na gida masu ƙananan shafuka da zaurukan WhatsApp. Wani ƙanena na unguwa a Jos yana da shafin labarai da Hausa, mabiyansa suna da yawa. Ya kira ni wata rana ya ce, "Yaya, ni fa labari kawai nake sawa, abin da mutane suka faɗa a ƙasa ai ba ni na faɗa ba." Na ce masa kariyar sashe na 230 ba ta ƙetaro teku ba. A Ostareliya, a 2021, kotun ƙoli ta ce gidajen jaridar da suka buɗe shafi a Facebook su ne mawallafan maganganun da mabiyansu suka yi a kan wani saurayi mai suna Dylan Voller. A Estoniya, kafar labarai ta Delfi ta bar zage-zage a ƙarƙashin wani labari har mako 6, ta cire ranar da lauya ya rubuto, duk da haka aka ci ta diyyar Yuro 320, kuma a 2015 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ce hukuncin daidai ne. Waɗannan hukunce-hukunce ba dole ba ne a kan alƙalanmu, amma suna jingina da irinsu in babu na gida. Ga shi kuma shi ba a Kalifoniya yake ba, kowa ya san ƙofar gidansu. Shawarar da na ba shi ita ce wadda nake ba duk mai riƙe da zaure: in an nuna maka abu, kada ka kwana ba ka duba ba, ka ajiye hotonsa kafin ka goge, don wanda aka cuta zai buƙace shi a kotu, labarin da ka san zai tayar da ƙura, musamman na addini da ƙabila a gari irin Jos, ka rufe ƙofar sharhi in ba za ka iya tsayawa a kai ba, kuma kada ka karɓi kuɗin kowa don ka ɗora sharri a kan wani.

A sabuwar dokar Tarayyar Turai ta 2022, wadda ta fara aiki gaba ɗaya a Fabrairun 2024, akwai tara mai nauyi da za ta iya kai kashi 6 cikin 100 na cinikin kamfani a duniya, kuma ita aka fi yayatawa. Ni wani ƙaramin sashe ne ya fi ɗaukar hankalina. Duk dandalin da ke da masu amfani miliyan 45 a Turai dole ya riƙa bayyana wa jama'a yawan ma'aikatan da ke duba abubuwan da ake ɗorawa, harshe bayan harshe. Saboda haka ɗan ƙasar Malta, mai harshen da masu shi ba su kai mutanen Jos yawa ba, yana iya buɗe rahoto ya ga mutum nawa aka ajiye wa harshensa, ko da amsar ita ce babu. NITDA tana karɓar rahoton shekara daga waɗannan kamfanoni. Ina roƙon ta ƙara musu wannan sharaɗi, ta kuma wallafa amsar kowa ya gani: mutum nawa ke duba Hausa, nawa ke duba Yarbanci da Ibo da Fulfulde da Kanuri da Tibi da Birom, kuma awa nawa ƙorafin mutum ke yi kafin ɗan Adam mai jin harshen ya karanta shi.